Zuwa ga Auta, kafin ki hau jirgi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, ina gaishe ki, ke da Gwaggonki da yaran gidan duka. Mu nan Aboabo a Kumasi lafiya lau, sai ƙafar Baabanku da ta ɗan motsa da sanyin damina, amma yana fita masallaci.

Na rubuto ne don na san halina da naki. In na kira ki a waya, kafin in kai tsakiyar magana kin ce "Mma, ki kwantar da hankalinki", ni kuma in yi shiru, mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. Saboda haka ki zauna ki karanta har ƙarshe.

Magana ta iso ni daga Nima, can Accra inda kike. Ba zan gaya miki wanda ya kawo ta ba, kuma kada ki zargi Gwaggonki, ba ita ba ce. An ce ranar sunan nan kin zauna cikin 'yan uwanki kina lissafin albashin asibitocin Ingila da fam, kina juya shi sidi, kika ce in kin gama shekara biyun nan na karatu a Ingila kika samu rajista da HCPC, hukumarsu mai yi wa ma'aikatan lafiya rajista, to Gana sai dai ziyara. An ce har kin ce, "Me zan dawo in yi?" Tun ranar da na ji wannan kalma ban sake barcin kirki ba.

Ki tuna wanda ya tsaya miki. Da kika gama jami'ar KNUST ta Kumasi kika yi hidimar ƙasa, kin ji abin da Baffa ya ce a zaure, kin kuma ji amsar da na ba shi a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Da kika zo da zancen okupeshanal terafi, kowa cewa ya yi ai aikin masu gashi ne, 'yan fisiyo. Ni ce na zauna na karanta takardunki ɗaya bayan ɗaya har na gane cewa ɗan fisiyo ƙarfin gaɓa da tafiya yake dawo wa mutum da su, naku kuwa shi ne mutum ya sake iya yi wa kansa wanka, ya sa riga, ya ci abinci, ya koma sana'arsa da abin da ya rage masa na jiki ko na hankali. Kin yi mini bayani cewa Jami'ar Gana ta fara koyar da shi a asibitin Korle Bu na Accra a 2012, amma digiri na farko ne, shekara huɗu daga tushe, ke kuma kin riga kin yi huɗu. A Ingila akwai digiri na biyu na shekara biyu ga wanda ya riga ya yi karatu makusancinsa. Na ga hankali a zancen, na yarda. Filin Kenyase ya tafi, sarƙar Makka ta bi shi. Ba gori nake miki ba, Allah shaida, kuma ko yau aka sake zan sake. Amma na sayar da su ne a kan za ki je ki ɗebo ki kawo gida.

Kin manta da Kaka ne? Ke ce fa kike kwana ɗakinta. Ranar da aka sallamo ta bayan shanyewar ɓarin jiki, an ba mu magani, an ce a rage gishiri, a dawo gashi, muka taho. Hannun dama ne ya mutu. Aka ajiye mata tuwo da miyar kuka, ta dubi kwanon, ta dubi hannun hagu, ta kau da kai. Matar da ta haura saba'in ba ta taɓa kai hagu baki ba. Ta gwammace yunwa, har sai da muka koma ba ta a baki, kuma kowace loma da hawaye take haɗiye ta. Zane ya gagare ta ɗaurawa. Buta ta gagare ta, sai an riƙe mata. Ban-ɗakin tsakar gida na tsuguno ne, ga dakali a ƙofa, sai mutum biyu sun tallabe ta, ita da ke yi wa jikokinta faɗa in sun shigo mata ba sallama. Wannan kunyar ta fi ciwon cinye ta. A ƙarshe ta daina shan ruwa da yamma don kada ta tashe mu da dare.

Ke da bakinki kika gaya mini daga baya cewa yawancin wannan wahala tana da mafita. A naɗe hannun cokali ya yi kauri don yatsun da ba su da ƙarfi su riƙe. A kafa ƙarfe a bango, a sa kujera mai rami a kan masai, a rushe dakalin a yi gangare. A koya mata dabarar sa riga da hannu ɗaya, ana farawa da hannun da ya shanye. A nemo malami ya zauna da ita ya tabbatar mata cewa mai lalura ba shi da laifi in ya ci da hagu. Kina faɗa kina kuka, kika ce da kin sani a lokacin da Kaka ba ta mutu da baƙin ciki ba. Wannan yarinyar na tura karatu. Ita ce yau take tambayar me za ta dawo ta yi?

To bari in gaya miki. Ki fito ki bi layinmu daga bakin titi zuwa gida, ki ƙirga gwatar da mai keken guragu zai tsallaka. Dokar masu naƙasa ta 2006 ta ba da shekara 10 a gyara gine-ginen jama'a su shigu ga kowa. Wa'adin ya cika tun 2016, kin kuma ga matakalan da har yau ake ɗaukar mutane a kansu. Manyan asibitocin masu taɓin hankali na gwamnati uku ne, na Accra da Pantang da Ankaful, dukkansu a kudu, alhali aikinku yana da babban gurbi a wannan fanni. A Asawase da Sabon Zango da Moshi Zango akwai yaran da aka haifa ba sa iya zama ko riƙe abu, an ɓoye su a ƙuryar ɗaki ana cewa aljanu ne. Uwar irin wannan yaro ba za ta buɗe cikinta ga wanda ba ya jin Hausa ko Tuwi ba. Ke kina jin duka biyun, kin san alwala, kin san gidan haya mai ɗaki goma da famfo ɗaya. Ingila tana da masu wannan aiki birjik. Mu nan fa?

Yanzu in faɗa miki abin da ya fi komai ci mini rai, ban taɓa faɗa wa ko Baabanku ba. Kin san ina shan maganin hawan jini. Ciwon da ya kayar da Kaka shi ne a jikina. Duk safiyar da na tashi na ji hannuna ya yi nauyi, sai in zauna bakin gado ina motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba mutuwa nake tsoro ba, wannan ta Allah ce. Tsorona in kwanta yadda ta kwanta, 'yar da na haifa ta ƙware a ainihin abin da nake buƙata, amma tana can tana koya wa uwar wani ɗaura maɓalli, ni kuma ana kara mini waya a fuska in gan ki ta gilashi, ki ce kin turo kuɗi. Wallahi Auta, in haka ta faru ba zan taɓa kuɗin nan ba. Na ga gidajen da 'ya'yansu nas-nas suka tafi. Ginin ya tashi, an yi fenti, tsohuwa kuma tana ciki da 'yar aiki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kuma ki ji kunya, a ce cikin taron suna, gaban 'yan uwanki, kike raina ƙasar da aka binne cibiyarki.

Na huce. Ba na so ki tafi da nauyi a zuciya, kuma ni ba mara tausayi ba ce. Na san albashin nan bai taka kara ya karya ba, na san masu takarda a hannu kan daɗe suna jiran a ɗauke su aiki, na san akwai bashin Kawunki a wuyanki. In kin gama, ki yi aiki can shekara ɗaya ko biyu, ki biya bashi, hannunki ya faɗa. Ban hana ba. Amma ki sa wa abin rana tun yanzu, ki faɗa wa Baabanku da bakinki.

Karatun kansa ki riƙe shi da gaske. Sa'o'i 1,000 na aiki a gaban ƙwararru da ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a ta shar'anta, kada ki yi wasa da ko ɗaya. Ki adana duk takardar da aka sa miki hannu, don za ki buƙace su ranar da za ki nemi lasisi a hukumar ma'aikatan lafiya ta nan, wadda dokar 2013 ta kafa. In an ba ki zaɓi, ki nemi sashen masu shanyewar jiki da na yara. Duk kayan aikin da kika gani, ki tambayi kanki ko kafinta ko maƙerin Suame, unguwar maƙeran Kumasi, zai iya yin irinsa. Ki tsare sallarki, ki nemi masallaci tun makon farko.

Na ba direban da zai sauka Nima ranar Laraba ƙullin yaji da garin kuka da daddawa. Kilishin da Yayarki ta ce za ta sa miki, ki bar wa yaran Gwaggo, ba a shiga Ingila da nama daga nan. Ina jiran amsarki a rubuce kafin ranar tafiya, ki faɗa mini ko maganar da na ji gaskiya ce, da shekarar da za ki dawo.

Allah ya yi miki albarka, ya kai ki lafiya, ya ba ki sa'ar malamai.

Mahaifiyarki,
Mma