A Ba Ons Jabeur Fili a Shafin Wasanni

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni tsohuwar malamar motsa jiki ce. Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da 'yan mata a makarantar kwana kafin in yi ritaya, kuma har yau shafin wasanni nake fara buɗewa idan jaridarku ta zo hannuna. Kullum labarin ɗaya ne: wanda Arsenal ta saya, wanda Real Madrid ta sallama. Ba na ƙin ƙwallon ƙafa. Amma akwai 'yar Afirka, Musulma, wadda ta kai matsayi na biyu a duniya a wasan tanis, kuma na yi imani yawancin masu karatunku ko sunanta ba su taɓa ji ba. Sunanta Ons Jabeur, 'yar ƙasar Tunisiya.

Ranar Asabar 9 ga Yulin 2022 ita ce ranar Babbar Sallah a nan. Da ƙarfe biyu na rana, ana tsakiyar aikin nama, na bar wa 'ya'yana wankin kayan ciki na shige ɗaki na kunna talabijin. Ons ce ta fito wasan ƙarshe na gasar Wimbledon a Landan, za ta kara da Elena Rybakina ta Kazakistan. Ta ci turmin farko 6-3, har na fito tsakar gida ina guɗa, maƙwabta suka ɗauka murnar Sallah ce. Daga nan wasa ya juya, Rybakina ta cinye sauran biyun 6-2, 6-2. Ranar ko soyayyen naman ban iya ci ba sai bayan isha'i.

Abin da ya sa na damu da yarinyar nan haka shi ne na san irin hanyar da ta biyo. An haife ta a 1994 a wani ƙaramin gari, Ksar Hellal, ta girma a Sousse a bakin teku. Mahaifiyarta, Samira, mai buga tanis ce don nishaɗi, ita ta ɗora mata raket a hannu tana shekara uku. Kulob ɗin da ta fara koyo ba shi da filin kansa, sai dai a je filayen otal-otal na masu yawon buɗe ido a yi atisaye. Uwar ce ke ɗaukar ta a mota gari-gari zuwa gasa. Tana shekara goma sha biyu ta bar gida ta koma makarantar wasanni ta El Menzah a birnin Tunis. A 2011 ta ci kofin matasa na gasar Faransa, shekara guda bayan ta sha kaye a wasan ƙarshe na wannan gasar.

To daga nan ne abin da nake so 'yan matanmu su ji ya fara. Wanda ya ga ta ci kofin matasa zai ce shi ke nan, ta haye. Ina! Sai da ta yi shekara shida tana fama a ƙananan gasanni, kuɗin jirgi ma aiki ne, kafin ta shiga sahun ɗari na farko a duniya a 2017. Sa'o'inta da suka taso tare sun yi mata nisa. Sai a 2020 ta kai zagayen 'yan takwas a gasar Ostireliya, abin da babu Balarabiyar da ta taɓa yi. A 2021 ta ci kofinta na farko a manyan gasannin mata a Birmingham, tana shekara ashirin da shida, shekarun da wasu ke fara tunanin ajiye raket. A 2022 ta ci kofin Madrid, ta hau matsayi na biyu a duniya. A wannan shekarar ce Serena Williams, da za ta dawo fili bayan shekara guda ba ta buga ba, ta zaɓe ta su buga wasan bibbiyu tare a Eastbourne.

Kuma manyan mutanen da ke tare da ita lokacin da ta kai can 'yan ƙasarta ne. Kocinta a lokacin, Issam Jellali, ɗan Tunisiya ne. Mai kula da ƙarfin jikinta mijinta ne, Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi, wanda ta aura tun 2015. Wannan ya burge ni ƙwarai, don mu nan an sa mana a rai cewa sai an kai yaro Turai ko Amurka kafin ya zama wani abu.

Wasanta kuwa, Edita, sai wanda ya gani. Ba doguwa ba ce, ba ta da ƙirar 'yan Gabashin Turai masu dukan ƙwallo kamar za su fasa ta. Dabara ce makaminta. Ƙwallo za ta zo mata da gudu, abokiyar karawa na can ƙarshen fili tana jiran duka mai ƙarfi, sai Ons ta ɗan shafe ta da raket, ta faɗi dab da bayan raga ta mutu a wurin. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa tanis wasan hankali ne kafin ya zama na ƙarfi, ba su yarda ba. Da a ce lokacin akwai Ons, da nuna musu kawai zan yi.

Wani ɗan ƙanena ya ce mini ai ba ta ci komai ba, sau uku tana zuwa wasan ƙarshe na manyan gasanni huɗu na duniya tana faɗuwa. Gaskiya ne ta faɗi: Rybakina, sannan Iga Swiatek a gasar Amurka a 2022, sannan Marketa Vondrousova a Wimbledon a 2023, 6-4, 6-4. Na ƙarshen nan ya fi ciwo, domin sai da ta kayar da zakaru huɗu a jere, Andreescu da Kvitova da Rybakina da Sabalenka, sannan ta zo ta faɗi a hannun wadda ba a sa wa rai ba. Tsoro ne ya riƙe mata hannu ranar, kowa ya gani, ta yi kuka a gaban duniya. Amma na tambaye shi, tun da ɗan Najeriya Nduka Odizor ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, wa muka sake kaiwa ko kusa da nan? Ya yi shiru.

Halinta ma abin faɗa ne. 'Yan ƙasarta suna kiranta Ministar Farin Ciki. Da ta kayar da ƙawarta Tatjana Maria, uwar 'ya'ya biyu, a wasan kusa da na ƙarshe a 2022, sai ta jawo hannunta zuwa tsakiyar fili don jama'a su tafa mata ita ma. A Nuwamban 2023 a Cancun ta ƙasar Mexico, bayan ta ci wasa, hawaye suka hana ta magana saboda yaran Gaza, ta ce za ta ba Falasɗinawa wani kaso na kuɗin da ta samu. A Yulin 2025, bayan raunuka sun yi ta damunta, ta fito fili ta ce ta daɗe ba ta jin daɗin wasan, za ta huta. A watan Nuwamba ta sanar cewa suna sa ran samun ƙaruwa. Allah ya inganta.

Na san wasu za su kawo maganar sutura. Ni ma uwa ce, kuma ba zan ce 'yata ta fita da gajeren siket ba. Ɗalibaina da dogon wando da hijabi suke bugawa, bai hana su komai ba. Abin da ya hana su fili ne. Namu siminti ya tsattsage, raga ta ruɓe, igiyar shanya muke ɗaurawa, raket huɗu ga yara fiye da talatin. Akwai wata bahaguwa da na koyar, hannunta kamar an yi shi don tanis. Ta gama makaranta, babu inda za ta ci gaba, babu wanda zai kai ta gasa. Har yau idan na ga Ons ita nake tunawa.

Don haka roƙona biyu ne. Ku ba da labarin Ons Jabeur cikakke da Hausa, da hotonta, yadda uba zai karanta wa 'yarsa. Sannan idan lokacin gasar tanis ta Dala ya zo a Kano, ku tura wakili, ya kawo mana sakamakon ɓangaren mata da sunayensu da garuruwan da suka fito.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Malamar motsa jiki mai ritaya,
Kaduna