Wasiƙa zuwa Tabuk kan kiwon jatan lande lokacin ɗari

Jidda, 9 ga Janairu

Assalamu alaikum aminina,

Ya iyali, ya ɗarin Tabuk? Na ga saƙonka cewa jajayen jatan landen da kake kiwo a tanki cikin gida sun daina ɗaukar ƙwai. Ba ciwo ba ne. Ruwa in ya sauka ƙasa da digiri 20 sai cinsu ya ragu, su jinkirta saɓa, ita kuwa macen sai ta yi saɓa namiji ke hawanta.

Tankinka mai lita 40 hita mai wat 50 ta ishe shi. Ka riƙa ƙara digiri ɗaya a rana har ya tsaya tsakanin 23 da 25. Abin da ya fi ɓarna shi ne ruwa ya yi ɗumi da rana ya huce da asuba. Nan ne mace ke zubar da ƙwanta. Ka janye tankin daga taga, ka rufe samansa, ka duba ma'aunin zafi bayan sallar asuba, ba da azahar ba.

Canjin ruwa lita 4 a mako, kada ka wuce. Na tankin saman gida ƙanƙara ne da safe, ka bar shi ya kwana a ɗaki, ka ɗiga maganin kashe kilorin, sannan ka zuba a hankali ta siririn tiyo. Don Allah kada ka sirka da na hitar banɗaki, yana iya kwaso jan ƙarfe, shi kuwa guba ne gare su. In ruwan da aka tace kake saye, ba shi da sinadarin da ke gina ɓawo. Ka ƙara gishirin ma'adinan jatan lande har GH, wato ma'aunin yawan ma'adinan da ke cikin ruwa, ya kai 6 zuwa 8, in ba haka ba za ka ga farin zobe a bayan kansu, su mutu wurin saɓa. Ruwan da ya ƙafe daga tankin kuwa, da tataccen ruwa zalla ake cike shi.

Fitila awa 8. Abinci kaɗan, sau 3 a mako, har da alayyahun da aka tsoma a tafasasshen ruwa; ragowar ka kwashe bayan awa 2. Matatar ta zama ta soso don kada ta zuƙe 'ya'yan, ka bar musu gansakuka su ɓuya su yi kiwo.

In ka hango ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikin mace tana musu fifita, ka daina taɓa komai, mako 3 zuwa 4 za su ƙyanƙyashe. Ka turo mini hoto.

A gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
naka amini