Kira ga masu kafa kyamarorin tsaro a Maradi: mu daina zuba kayan aiki a buhu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili domin in yi magana da abokan sana'ata, masu jan wayar intanet da kafa kyamarorin tsaro a gidaje da shaguna da mangazojin birnin Maradi, a kan wani abu da muka raina alhali yana cin jarinmu kullum, wato jakar da muke zuba kayan aiki a cikinta.

Duk wanda ya tsaya da safe a bakin Babbar Kasuwa, ko a titunan unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo, zai ga yaranmu a kan moto, ɗaya yana tuƙi, ɗaya ya saɓa tsani, a tsakaninsu kuma ga buhun shinkafa an ɗaure bakinsa da guntun waya. A cikin buhun nan akwai injin huda bango da guduma da filaya da na'urar awon wuta, wani lokaci har da sabuwar kyamarar Hikvision ko Dahua da mai gida ya biya kuɗinta jiya. Mutumin da bai ji ƙyashin sayen inji mai batir na bolt 18 ba, shi ne kuma yake ganin sayen jaka ɓarnar kuɗi ce. Ni ma na yi shekaru a kan wannan hali kafin asara ta farkar da ni.

An kira ni aiki a Tibiri, in kafa kyamara huɗu da na'urar naɗar hoto a gidan wani ɗan kasuwa. Na bar faifan ajiyar hoto cikin ledarsa, na jefa shi buhu ɗaya da injin huda bango, muka kama hanya. Da muka gama jan waya muka kunna, hoto ya fito tangaran a allo, amma faifan sai ƙara yake yi ƙas-ƙas, ya ƙi naɗar komai. Irin wannan faifai yana da farantai masu juyawa a cikinsa, da wani ɗan kan karatu wanda tazarar da ke tsakaninsa da farantin ba ta kai kaurin silin gashi ba, saboda haka bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya kashe shi. Na sayi wani da kuɗin aljihuna, ladan aikin ya tafi gaba ɗaya, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kallon da mai gidan ya yi mini, kallon wanda ya fara shakkar ko gwani ya ɗauko.

Tun daga ranar na gane cewa kayanmu iri biyu ne da bai kamata su kwana wuri ɗaya ba: masu nauyi da kaifi, da kuma masu rauni. Ko filaya da abin murɗa ƙusa, waɗanda muke ɗauka ba sa jin komai, suna da raunin da ke iya taɓa rai. Gaskiya ne kyamara tana aiki da bolt 12, ko kuwa kimanin bolt 48 idan wutar ta biyo ta cikin wayar intanet, amma akwatin da ke ba ta wutar yana jone ne da bolt 220 na gida. Robar da ke hannun filaya ita ce katanga tsakanin mai aiki da wannan wuta, kuma idan ta yi wata da watanni tana gogayya da bakin ƙarfen huda bango a cikin buhu, za ta tsage ta inda ido ba ya gani.

Abu na farko da nake ba kowane yaro da ya zo koyon aiki wurina shi ne ƴar jakar ɗaurawa a ƙugu. Rabin aikinmu a kan tsani ake yin sa, ƙarƙashin indararo ko a kusurwar katanga, kuma wanda ya cusa filaya a aljihun riga, ya riƙe ƙusoshi a baki, dole ya saki tsani da hannu ɗaya yana lalube. Na taɓa ganin abin yanka waya ya suɓuce daga aljihun yaro ya faɗo dab da wata yarinya da ke wasa a tsakar gida, kuma har yau gabana yakan faɗi idan na tuna. Jakar ƙugu ba ta bukatar girma. Ta ɗauki filayar matse kan waya, da abin fere waya, da abin murɗa ƙusa biyu, da salatif, kowanne a raminsa, kai a sama, yadda hannu zai same shi ba tare da an duba ba.

Ga mai yawo a moto, jakar goyo ta fi ta rataye a kafaɗa ɗaya, domin ba ta karkata mutum gefe a cikin yashin unguwanninmu. Mai saye ya fara duba gindinta, ya tabbata mai tauri ne wanda zai zauna a ƙasa ba tare da ya kife ba, kuma laimar damina ba za ta ratsa shi ba. Daga nan ya ja zif ɗin sau da yawa, ya duba ɗinkin da ya riƙe igiyoyin goyo, domin ta waɗannan wurare biyu jaka take fara mutuwa. Ta kasance tana da aljihu mai soso wanda na'urar awon wuta da ɗan allon gwada kyamara za su zauna su kaɗai. Jaka mai buɗaɗɗen baki, wadda ake yabo a ƙasashen da ba su san hunturu ba, ba ta dace da mu ba, domin daga Disamba zuwa Fabarairu ƙura takan cika ta kafin azahar.

Ƙurar nan ita ce ta sa nake dagewa a kan akwatin roba mai ɗakuna da murfi mai kamawa, domin ƙananan kaya. Kan wayar intanet yana da ƴan haƙora 8 ƙanana, kuma idan yashi ya shiga tsakaninsu, kyamara za ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, mai aiki ya wuni yana zargin waya mai tsawon mita 90 alhali laifin yana cikin abin da bai kai kan yatsa ba. Kwalin waya kuma, wanda yake zuwa da mita 305, an naɗe shi ne yadda za a riƙa zaro wayar ta ramin kwalin ba tare da ta murɗe ba, saboda haka wanda ya bari ruwa ya jiƙa kwalin ya yage, ya jawo wa kansa wahalar warware ƙulli.

Akwatin ƙarfen da maƙeranmu suke yi yana da amfani a shago, inda za a sa masa kwaɗo, amma kada a bar shi a rana da batir a ciki. A watannin Afirilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce digiri 40 a inuwa, cikin ƙarfe kuwa ya fi haka nesa, kuma zafi yana rage kwanan batirin lithiyam, yana ma iya sa shi ya kumbura. Haka nan ƙusa ɗaya da ta haɗa bakunan batirin biyu tana iya tayar da wuta. A cikin wannan akwati mai kwaɗo ya kamata a ajiye littafin da muke rubuta lambobin sirrin na'urorin mutane, da duk faifan da aka ba mu gyara, domin abin da ke cikinsa hoton tsakar gidan mutum ne da iyalinsa, kuma amana ce a wuyanmu.

Na san za a ce jakunkunan da ake kawowa daga Kano ko daga ƙetare suna da tsada, masu arahar kuma ba sa ƙarko. To, garin da aka san shi da fatar jar akuya, garin majema da dukawa, bai kamata ya rasa jakar ƙugu ba. Tawa wani baduku ne ya ɗinka mini ita: na kai masa kayan aikina, ya jera su a kan fata, ya zana kowanne da alli, ya sa ƙirgi a gindi domin kada kaifi ya huda. Ina kira ga dukawa da masu ɗinkin tampol su zauna da mu su ga abin da muke bukata, ina kuma roƙon malaman cibiyoyin koyon sana'a su sa tsara kayan aiki da ajiye su cikin darussan makon farko, kafin su miƙa wa ɗalibi injin huda bango.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai kafa kyamarorin tsaro,
Unguwar Zariya, Maradi