Kogon Tham Luang da Koyarwar Buddha Kan Natsuwar Zuciya

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman fili a wannan jarida domin in yi tsokaci kan wata koyarwa ta mabiya addinin Buddha da ake yawan yi wa gurguwar fahimta, wato horar da zuciya ta riƙa lura da halin da take ciki a daidai lokacin da take cikinsa. Wasu suna ɗaukarta zaman shiru na waɗanda ba su da aikin yi, amma abin da ya faru a ƙasar Tailan a 2018 ya ƙaryata wannan zato.

A ranar 23 ga Yuni na shekarar 2018, yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su, Ekkapol Chantawong, suka shiga kogon Tham Luang a lardin Chiang Rai, sai ambaliyar damina ta datse musu hanya. Ba a gano su ba sai ranar 2 ga Yuli, suna cikin duhu, ba abinci, ruwan da ke ɗiga daga jikin dutse suke sha. Mai horarwar, wanda ya tashi maraya kuma ya yi shekaru a gidan ibadar 'yan Buddha, ya koya wa yaran su zauna su tattara hankalinsu kan shiga da fitar numfashi, domin firgici ya lafa, ƙarfin jiki kuma kada ya ƙare a banza.

Abin da ya koyar yana da tushe a tsofaffin nassoshinsu. Buddha ya kwatanta wanda masifa ta samu da mutumin da aka harba da kibiya biyu: ta farko ita ce zafin abin da ya auku, wanda babu makawa sai an ji shi, ta biyu kuwa ita ce zullumi da ƙorafi da saƙe-saƙen zuci, kuma wannan mutum ne yake harbin kansa da ita. Horon ba ya cire ta farko, ta biyun yake hanawa. Haka nan suna lissafa abubuwa takwas da ke juya ɗan Adam, wato samu da rashi, ɗaukaka da zubewar suna, yabo da zargi, daɗi da wahala, suna cewa mai natsuwa yana ganin zuwansu da wucewarsu ba tare da sun yi awon gaba da shi ba. Malaminsu Buddhaghosa, a ƙarni na 5, ya yi gargaɗi cewa halin ko-in-kula yana kama da wannan natsuwa, alhali abokin gabarta ne.

Ba na cewa numfashi ne ya fito da yaran. Masu ninƙaya da injinan zuƙar ruwa ne suka yi aikin har zuwa 10 ga Yuli, kuma ɗaya daga cikin masu ceton, Saman Kunan, ya rasa ransa.

Ba kuma kira nake zuwa ga wani addini ba. Tun 1979 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya raba wannan horo da aƙida, ya mai da shi shirin mako takwas domin masu fama da ciwo da damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka. Ina roƙon shafinku na lafiya ya nemi likitocin ƙwaƙwalwa su bayyana mana amfaninsa da iyakarsa.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Zariya