Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Zuwa Ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Mazauna Unguwa da 'Yan Kasuwa a Tawa

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata.

Kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin ayyukan shekarar 2024. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi ranar babban taro, saboda haka ba za ku ga maganar jaka ko dala a wannan takarda ba.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne koya wa jama'a ƙofar da za su buga idan abu ya same su. Mun lura mambobi da yawa duk mai kaki ɗaya ne a wurinsu. Mutum zai kai ƙarar satar waya inda ba a karɓar ta, a ce masa ya je gaba, sai ya koma gida yana cewa an wulaƙanta shi. Don haka a zaman wata-wata muka riƙa maimaita bayanin nan har ya zauna. A Nijar jiha ba ta da ma'aikatar cikin gida ta kanta. Ma'aikatar guda ce, tana Yamai, kuma Janar Mohamed Toumba ke riƙe da ita tun watan Agusta na 2023. Gwamna shi ne wakilin gwamnati a jihar Tawa, a ƙarƙashinsa akwai prefe-prefe na gundumomi 12, tun daga Konni da Madawa a kudu har Tasara da Tiliya a arewa. 'Yan sanda da 'yan garda suna ƙarƙashin wannan ma'aikata, su kuwa jandarmomi na ma'aikatar tsaro ne. A cikin gari komsariya ake zuwa, wato ofishin 'yan sanda. A ƙauye da kan manyan hanyoyi galibi jandarma ne mai maganar. 'Yan garda su ke gadin gidajen kaso da gine-ginen hukuma, suna kuma aiki a yankin makiyaya. Sarakunan gargajiya, har zuwa masu unguwanni, su ma wannan ma'aikata ce ke kula da sha'aninsu, kuma ita ke ba ƙungiyoyi irin tamu takardar izini bisa dokar 1984.

Wani canji ya zo a tsakiyar aiki. A watan Afrilu aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Dole muka sake kai gaisuwa, muka sake gabatar da kanmu da takardunmu. Ya ɗan ja mu baya, amma an wuce wurin.

Lambobin kiran gaggawa, 17 na 'yan sanda da 18 na 'yan kwana-kwana, matasanmu sun rubuta su da fenti a bangon shaguna da bakin masallatai inda masu wurin suka yarda. Abu ne ƙarami, amma ranar da wuta ta kama rumfar wata mai tuyar ƙosai, yarinyar da ta kira a jikin bango ta karanta lambar.

Sai batun ɓarawon da aka kama, wanda kwamiti ke ganin shi ne gwajin ƙungiyar nan na gaskiya. Wata Lahadi, kasuwa ta cika ta batse, aka yi ihun ɓarawo a layin masu sayar da wayoyi. Yaro ne da ko gemu bai fara ba. Kafin ka ce me, wannan ya ɗauko sanda, wancan ya ciro igiyar ɗaurin kaya, mai shayi ma ya baro tebur. Mambobinmu biyu, ɗaya dattijo mai sayar da goro, suka ja yaron cikin shago suka sauke ƙofar ƙarfe, dattijon ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "'Ya'yana, wanda zai dake shi sai ya fara da ni." Aka kira 17, aka zo aka tafi da shi tare da wayar da mai wayar. An zage su ranar, har wasu suka ce da su ake raba kayan sata. Kwamiti na jinjina musu a gaban kowa. Wanda ya daki ɓarawo har ya mutu, shi ma kotu zai je a kan kisan kai, kuma yawan jama'ar da suka taru ba ya wanke kowa.

Wannan al'amari ya sa muka ware zama guda a kan abin da ke faruwa bayan an kai mutum komsariya, domin rashin sanin haka ne ke sa mutane cewa "ai sakinsa za a yi". A laifuka na yau da kullum doka ta ba da awa 48 na tsarewa don bincike, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, daga nan ko a kai mutum gaban shari'a ko a sallame shi. Sau da yawa abin da ke kashe ƙara shi ne mai kaya ya karɓi kayansa ya tafi, shaidu kuma kowa ya ce yana da sauri. Yanzu idan an kama wani a layinmu, ƙungiya na tura mutum ya raka mai ƙara, ta kuma roƙi shaidu su je.

An yi doguwar muhawara a kan shawarar da wasu matasa suka kawo ta kafa 'yan sintirin dare masu adduna da gora. Ba mu raina damuwarsu ba. Kowa ya san halin da arewacin jiharmu ke ciki: tun watan Maris na 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya, kuma ba wanda ya manta kisan da aka yi a ƙauyukan yankin Tiliya a ranar 21 ga Maris 2021, inda hukuma ta ƙirga mutum 137. Allah ya jiƙansu. Ta kudu kuma ana jin labarin masu satar shanu da masu sace mutane a bakin iyaka. Duk da haka kwamiti ya ƙi shawarar, babban zama kuma ya goyi bayansa. Takardar izininmu ba ta ba mu ikon ɗaukar makami ko tsare mutum ba. Kuma saurayin da aka ba gora da fitila da tsakar dare, ba wanda zai iya lamunce cewa ba zai huce tsohon haushinsa a kan maƙwabci ba. Abin da aka amince da shi shi ne kowane layi ya sami mutum guda da ake kai wa labari, shi kuma ya sanar da mai unguwa, ko ya kira hukuma kai tsaye idan abin na gaggawa ne. Masu gidajen haya su san wanda suka ba ɗaki, su ga katinsa na ɗan ƙasa.

Ga 'yan kabu-kabu mun buɗe littafi. Mai babur ya zo da takardunsa, a rubuta lambar jikin babur da ta inji. Haka wayoyi: a danna *#06#, lambar da ta fito a rubuta ta a ajiye a gida. Mun sha faɗa, muna kuma sake faɗa: kada ku sayi babur ko waya ba tare da takardar ciniki da shaida ba, komai arharsa. 'Yan ci-rani da ke dawowa daga Libiya da Abijan da kuɗi a aljihu su ne aka fi yi wa wannan tarko.

Daminar bana ta zo da ambaliyar da ta ci rayukan mutane sama da 300 a faɗin ƙasa, har aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. A unguwarmu gidajen ƙasa sun rufta. Mata mambobi su suka bi gida-gida suna rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, aka miƙa wa mai unguwa. Sun kuma haɗa gero, tabarmi da gidan sauro daga aljihunsu. Maza suka yashe magudanar ruwa. Gaskiya ita ce a wannan fage matan sun fi mu himma.

Batun tramol da sauran ƙwayoyi mun taɓa shi a zama biyu da iyaye, amma bai yi nisa ba, domin uwa ba ta son a ambaci ɗanta a bainar jama'a. Baɗi za a gwada ganawa da iyaye gida-gida, tare da limamai. Takardar neman fitilun kan hanya a lungun bayan tasha tana nan mun shigar, muna bibiya.

Ranar babban taro za a sabunta kujeru biyu na kwamiti, ta mataimakin ma'aji da ta wakiliyar mata. Masu bashin zubin wata su ga ma'aji kafin ranar, domin doka ta ce mai bashi ba ya jefa ƙuri'a. Masu babura da ba su shiga littafi ba su zo da takardunsu, za a ajiye tebur a bakin ƙofa.

Wassalam.

Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa