Takardar Koke Kan Tsohon Defon Fitilun Jiragen Ruwa Na St. George

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gunduma,
Daga al'ummar Hausawa mazauna St. George, Tompkinsville da Stapleton, Tsibirin Staten, New York.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kuma taya ka riƙon wannan amana. Mun san aiki ya yi maka yawa, kuma ba ɗabi'armu ba ce mu dami manya da ƙananan maganganu. Dattawanmu ma sun so a ƙara haƙuri. To amma abin da ya faru makon jiya ya sa haƙurin ya ƙare.

Bayan iskar nan da aka yi da daddare, da sassafe wata 'yar'uwarmu ta biyo ta gefen tsohon defo za ta kama jirgin fito, tana tura jaririnta a keke, babban ɗanta yana riƙe da gefen hijabinta. Sai ɓangaren shingen waya da aka kewaye ginin da shi ya kwanto kan hanya, ɓaraguzan bulo suka zubo daga sama. Tsakaninsu da keken bai kai taku uku ba. Mun je mun gani da idonmu: jan bulo ya ruɓe har ana murje shi da yatsa ya zama gari, ga guntun falalen rufi mai kaifi kamar wuƙa a ƙasa. Allah ne ya kiyaye. Yaron har yau ba ya yarda a bi da shi ta nan. Abin da aka yi bayan haka shi ne an zo an ɗaga shingen, an ɗaure shi da igiyar roba, an tafi. Igiyar roba, ranka ya daɗe, a gaban ginin da hukuma da kanta ta ce kayan tarihi ne.

Ba mu muka gina wurin nan ba, kakanninmu ma ba su san da shi ba. Amma kullum ta gabansa muke wucewa, masu tuƙin tasi da masu jinyar tsofaffi da 'yan makaranta, har muka san shi. A da can, tun farkon shekarun 1860, nan ne babbar ma'ajiyar hukumar da ke kula da hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya a Amurka. A nan ake sauke manyan gilasan fitila da ake kawowa daga Faransa, a harhaɗa su, a gwada, sannan a aika da su gaɓar teku daban-daban. A nan ake ƙera fitilu da gyara su. Rumbunan da aka haƙa a jikin tudu, masu baki kamar baka, an yi su ne don ajiyar mai nesa da gobara, man kitsen alade a wancan lokaci, daga baya kananzir. A da gine-gine 18 ne a filin. Yanzu shida suka rage.

Wanda ya fi ba mu takaici shi ne ginin ofis na 1869. Alfred Mullett ne ya zana shi, mutumin da ya zana katafaren ginin ofisoshin da ke maƙwabtaka da fadar White House. Ƙasansa sassaƙaƙƙen dutse ne, samansa jan bulo, rufinsa kuma irin na Faransa mai tsananin gangara da tagogi suna leƙowa ta jikinsa. A 1901 aka ƙara masa fukafukai. Cikinmu akwai magina, sun ce irin wannan haɗin dutse yau ko an ba da kuɗi da wuya a sami mai yi. Birni ya sa shi cikin gine-ginen da doka ta kare a 1980, gwamnatin tarayya ta sa wurin a kundinta a 1983. To me karewar ta kare? Tagogi an toshe su da katako, katakon ma ya yi baƙi ya bubbuɗe. Indararo ya karye, ruwa yana bin bango, sanyin hunturu ya daskarar da shi ya tsaga bulo. Ciyawa ta tsiro a sama, tantabaru sun mayar da ciki gidansu. Mu da muka tashi a gidajen ƙasa a Kano da Maraɗi mun san ginin da ba a yi wa yaɓe kafin damina ba, ba a tambayar me ya rushe shi.

Tun da rundunar tsaron gaɓar teku ta kwashe ta koma tsibirin Governors a tsakiyar shekarun 1960 ake ta alkawari. Mun je taruka, mun sa hannu a takardu, mun buga waya, an nuna mana zane-zane masu kyau da shaguna da bishiyoyi. Wannan ofis ya ce na wancan ne, wancan ya ce yana hannun kamfani, kamfani ya ce ana kan magana. Guguwar Sandy ta zo a 2012 ta wuce, aka ce yanzu kam za a tashi tsaye. Sabon dogon bene dai ya tashi a gefe, tsofaffin kuwa suna nan bayan waya. Kuma ba wai abin ya gagara ba ne, tunda maƙerar 1912 an gyara ta, tun 2015 gidan tarihin hasumiyoyi na ƙasa ke cikinta, 'ya'yanmu suna zuwa tare da malamansu. Yaro ya fito daga inda aka koya masa darajar wurin, ya ɗaga kai ya ga kango.

Mun ji labarin cewa a 1858 mutanen tsibirin nan sun gaji da kai kuka kan asibitin killace masu annoba da ke wannan fili, suka banka masa wuta. Mu Allah ya tsare mu da irin wannan. Mu baƙi ne masu bin doka da biyan haraji, alƙalami kawai muke da shi.

Don haka muna roƙonka, don girman Allah, a turo injiniyoyi su duba rufin da bangon da ke kallon hanya tun kafin hunturu ya shigo. A kafa rumfar kariya ta ƙarfe a inda mutane ke bi, a cire wannan igiya. A rufe rufin ko da na wucin gadi ne, a gyara indararo, don ruwa ne ke cin ginin. A sa fitila, domin matanmu masu aikin dare suna tsoron wurin; abin kunya ne a ce inda ya haska gaɓar Amurka ya rasa ƙwan lantarki. A faɗa mana a fili wane ne ke da alhakin waɗannan gine-gine, da sunansa, da ranar da zai fara aiki, in kuma ya kasa a karɓe a ba wani. Rumbunan man nan ma a share su a buɗe wa jama'a. Sannan muna sake roƙo, a duba rufin nan. Kada a jira sai an ɗauki gawa.

Muna kuma fata za ka sa mana rana ka zo da kanka, mu zagaya da kai. Mun ajiye guntun bulon da ya faɗo, za mu nuna maka. An haɗa kwafin wannan takarda da Turanci, tare da sa hannun magidanta da iyaye mata.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama lafiya.

Mu ne naka masu biyayya,
Dattawa, mata da matasan al'ummar Hausawa na arewacin Tsibirin Staten.