Gundumar McDowell da Alƙaluman Rashin Aikin Yi

Ya Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan gundumar McDowell ta jihar West Virginia a Amurka. A 1950 mutanenta sun kusa 100,000, amma ƙidayar 2020 ta samu 19,111 kacal, domin injuna sun maye gurbin mahaƙa kwal, matasa kuma suka watse neman abinci. Akasarin manyan da suka rage ba sa aiki, saboda tsufa ko ciwon huhun da ƙurar kwal ta haddasa, ko kuma sun gaji da nema, alhali alƙaluman rashin aikin yi ba sa ƙirga wanda ya daina nema. Don haka ina kira ga jaridu su daina auna arzikin gunduma da wannan adadi kaɗai.

Naku,
Mai karatu daga Kano